Sunan Kaduna: da gaske daga kada ya fito?

Malama_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da 'yan aji 5 a wata firamare, jiya muna darasin koguna sai wata yarinya ta ce wai me ya sa ake cewa kogin Kaduna, garin ne ya ba kogin suna ko kogin ne ya ba garin? Na ce mata kogin ne, kuma daga kada sunan ya fito, haka muka taso muka ji. To amma ni jam'in kada da na sani a bakina kadoji ne. Ta ina "Kaduna" ta shigo? Sannan yaya ainihin furucin yake, don yadda masu labaran Turanci ke faɗa daban yake da namu.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam Malama. Amsar da kika ba yarinyar daidai ce, kogin ya girmi garin nesa ba kusa ba. Hujja mai sauƙi: Zungeru ma a bakin kogin Kaduna take, kuma can Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya kafa hedikwatarsa a 1902. Sai a 1917 aka dawo da babban birnin Arewa nan, sabon garin ya ɗauki sunan ruwan da aka same shi a wurin. Jihar kuwa ta baya-bayan nan ce, Arewa ta Tsakiya ake ce mata daga 1967, sai 1976 ta koma Kaduna.

Batun jam'i, kada yana da jam'i fiye da ɗaya. Akwai kadoji da kika sani, akwai kadanni, akwai kuma kadduna, wanda yanzu sai a bakin tsofaffi. In kika sassauta "d" ɗin nan biyu, ai kin iso Kaduna. Mutanen Sakkwato ma kado suke cewa, ba kada ba.

Ɗan_Kakuri:
Baba a yi min afuwa, ban ƙi ta taka ba, amma kullum in aka tashi wannan zance sai a manta da Gwarawa, alhali su aka tarar a bakin ruwan nan. A wajensu akwai masu cewa sunan daga kalmarsu ce, "Odna", wato kogi. Mu Hausawa kuma mun iya jan sunan wani mu kai shi inda zai yi ma'ana a bakinmu. Tunda akwai kadoji a ruwan, labarin kada ya zauna daram, har aka sa hotonsa a tambarin jiha. Ni dai in ni ne a gaban allo, duka biyun zan gaya wa yara.

Kuma Malama ki ƙara musu da cewa kogin ba suna ɗaya gare shi ba. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garinmu, ya bi ta madatsar Shiroro, ya wuce Zungeru, ya je ya faɗa Kwara daura da Pategi, tafiyar kusan kilomita 550. A ƙasar Nufe Lavun suke ce masa, har akwai ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Neja.

Hajiya_Barnawa:
Ba wanda ya taɓa furucin, bari in sa baki. "Ka" ɗin farko ƙasa take, gajera, sai murya ta hau a "du" a ɗan ja ta, "na" ta tsaya can sama. Masu Turanci su ne ke danne "du" da ƙarfi su saki ƙarshen ya faɗo. Kuma don Allah a kula da rubutu, "d" ce marar lanƙwasa. Na sha ganin yara sun rubuta kaɗa suna nufin dabbar, wannan kuwa sai dai kaɗa nono ko kaɗa ƙuri'a.

Wani abu kuma, garin mace ce, kogin namiji. Za ki ce Kaduna ta cika da baƙi, amma kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen mutane a Kabala. Mu da muke ƙetaren gada ma ba mu cika kiran sunansa ba, da damina sai dai ki ji an ce kogi ya kawo.

Malama_Tudunwada:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ɗan Kakuri, in da Bagwari a cikin abokanka ka tambayar min shi yadda suke furta "Odna" ɗin, ina so in faɗa wa yaran daidai ranar Litinin.