Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Secondary Mineral"?

Malamin Naraguta: Salamu alaikum. Ina shirya darasi kan ma'adinai da Hausa, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Abin da take nufi shi ne ma'adinin da ba tun farko aka yi dutse da shi ba. Daga baya yake samuwa, idan ruwa da iska ko gishiri suka ci wani ma'adinin da ya riga shi. Misalin da ya ja ni shi ne abhurait. An same shi a jikin sandunan narkakkiyar kuza cikin wani jirgi da ya nutse a Sharm Abhur, arewa da Jidda, a Bahar Maliya, aka yi bayaninsa a 1985. Ruwan teku ne ya yi ta cin kuzar har ta yi bororo, a cikin bororon sai ga wasu ƙananan falle-falle marasa launi masu gefe shida. Kuza ce ta haɗu da kulorin na gishirin teku, da oksijin da haidurojin. Taurinsa 2 kacal a ma'aunin Mohs, farce ma yana karce shi, alhali kuzarmu ta cikin ƙasa tana tsakanin 6 da 7.

Ɗan Bukuru: Malam, ai da sauƙi. Ma'adinin sakandare.

Malamin Naraguta: Ƙanena, to ranar da na zo kan na farkon sai in ce ma'adinin firamare, yara su tambaye ni yaushe zai zana jarrabawa?

Hajiya ta Gangare: "Na biyu" ma kada ku kawo shi. A kasuwa in an ce kaya na biyu ne, an rage masa daraja ke nan. Ni da "rikiɗaɗɗen ma'adini" na zo.

Malamin Naraguta: Hajiya, na daɗe ina juya wannan, ya yi daɗin faɗi. Matsalar ita ce akwai rukunin duwatsu guda da zafi da danniya suke sauya wa kama a can ƙarƙashin ƙasa, su ne suka fi cancantar "rikiɗa". In muka kashe kalmar a nan, gobe mu rasa ta. Namu kuwa galibi kusa da doron ƙasa yake faruwa, inda ruwan sama da iska ke kaiwa.

Ɗan Bukuru: To tsatsar ma'adini fa? Ai abin da ya sami kuzar can tsatsa ce.

Malamin Naraguta: Ga abhurait ta yi daidai. Amma kawolin fa, farin yumɓun da ke samuwa idan duwatsunmu na Filato suka zagwanye? Wa zai ce masa tsatsa?

Baba na Dilimi: 'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Tun ina yaro nake wankin kuza. Ita kuzar cikin ƙasa ba ta ruɓewa, shi ya sa dutsen zai zagwanye ya zama ƙasa, ita ta zube a rafi mu tsince ta a ƙasan kwano. Amma dutsen tozali na wajen Zurak, in ya daɗe a sarari za ka ga wani fari-fari ya hau kansa, dalmar da ke cikin baƙin ita ce a cikin farin. Wanda ya zo bayan wani, ya zauna a gurbinsa, ya ci kayansa, me ake ce masa? Magaji.

Malamin Naraguta: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ta kama abu biyun da nake nema: zuwa daga baya, da kuma ɗaukar sinadarin na farko. Akwai ma waɗanda har siffar na farkon suke riƙewa bayan sun maye shi. Sai mu ce ma'adini magaji, jam'i ma'adinai magada, na farkon kuma ma'adinin asali.

Hajiya ta Gangare: Na yarda, amma da sauran magana. Sandar kuzar nan mutum ne ya narka ta ya zuba. Magajin abin da hannu ya ƙera, ma'adini ne?

Malamin Naraguta: Hajiya, kin taɓo inda masanan suka yi ta ja. A 1998 ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya ta tsaurara ƙa'ida kan abin da ya tsiro a jikin ƙirar mutum, amma waɗanda aka riga aka amince da su an bar su. Abhurait na ciki, haka ma romakait, wanda aka samu a jikin kofunan kuza da suka faɗa kogin Winnipeg a Kanada. An sake ganin abhurait a sandunan kuzar wani jirgin da ya nutse a 1885 kusa da Kwanwal a Ingila. Shi ya sa a darasin zan fara da kawolin da na Zurak, waɗanda ba su da wannan gardamar.

Ɗan Bukuru: Ni dai Malam, in macen ma'adini ce za mu ce magajiya?

Baba na Dilimi: Kai yaro, je ka ɗebo ruwa.