Neman kalma: halittun da ke kwance a ƙasan kogi da kanal

Mai Shirin Noma: Jama'a a taimaka. Gobe da safe zan naɗi shiri kan ruwan kanal na Kadawa, wanda ke zuwa daga dam ɗin Tiga. Baƙona sai "bentos" yake cewa, wato dodon koɗi da matsattsaku da tsutsotsi da ƙaguwa, duk mara ƙashin baya da ke zaune a ƙasan ruwa. Me zan ce wa manomi?

Malamar Kimiyya: Ƙwarin ruwa nake ce wa ɗalibai, amma ba ta gamsar da ni ba. Dodon koɗi ba ƙwaro ba ne, kuma shi ya fi damun mai noman rani, tunda a jikinsa ƙwayar tsargiya ke girma kafin ta shiga fatar mutum.

Ɗan Masunta: 'Yan ruwa fa?

Mai Shirin Noma: Haba Malam! Sai a ɗauka shirin bori nake.

Baban Nahawu: Lakawa. Laka da ɗafin -awa, kamar Kanawa. Gajeriya ce, tamu ce, ba aro.

Ɗan Masunta: Ranka ya daɗe, gaiwa ma a laka take kwana, tarwaɗa haka, kuma duk da ƙashinsu.

Malamar Kimiyya: Halittun da muke magana ma ba dukkansu ke laka ba. Jajayen tsutsotsi ne ke jure taɓon da iska ta yi ƙaranci, shi ya sa yawansu ke nuna ruwa ya ɓaci. Tsutsar ƙudan da ke kawo makantar kogi kuwa jikin dutse take maƙalewa, inda ruwa ke gudu.

Baban Nahawu: Duk Bakano ne ke kwana cikin ganuwa? Wai ma me ya sa kuke cewa kanal alhali ga magudana?

Ɗan Masunta: Je Kura ka ce magudana, kwata za a nuna maka.

Basakkwace: Kullum Hausar Kano ke yanke hukunci. Mu ma muna da dam ɗin Bakolori a yankinmu, ba a tambaye mu ba.

Baban Nahawu: To kawo taka.

Basakkwace: Ina tunani.

Mai Shirin Noma: Lokaci ya ƙure. Zan ce "ƙananan halittun ƙasan ruwa marasa ƙashin baya" sau ɗaya, in lissafo su, daga nan sai "mazauna ƙasan ruwa".

Baban Nahawu: Wannan ai bayani ne, ba suna ba. Je ki yi, amma ko sau ɗaya ki saka lakawa mu ji ko masu sauraro za su kama.

Mai Shirin Noma: In minti ya ragu, Baba.