Ina za mu samo kuɗin kayan gwajin kimiyya a lakwal ɗinmu?

Mushe na Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da fizik a wata CEG, wato ƙaramar sakandare, a nan Maradi. Shekara tara ke nan ina zana batir da ƙwan fitila a allo, yara suna kwafa cikin kaye. Ranar Talata wata yarinya ƴar ajin jarabawa ta ce mini: "Mushe, wai rezistans ɗin nan da muke ta lissafi da ita, yaya kamanninta?" Wallahi kunya ta rufe ni. Bana za ta zauna BEPC, jarabawar kammala ƙaramar sakandare, ta haddace dokar Ohm ta lissafin lantarki tsaf, amma ba ta taɓa riƙe rezistans, ɗan ƙaramin abin nan mai rage gudun wuta, a hannunta ba.

So nake in riƙa tara yara ranar Laraba da marece, mu fara da haɗa waya da fitila, a hankali mu kai ga ƴar mota mai kauce wa bango da kanta, irin wadda ake yi da Arduino, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta. Direkta ya ce babu ko dala a asusu. Iyaye zan tunkara, ko ma'aikatar magajin gari, ko in zauna jiran wani porje?

Tsohon Mushe:
Kada ka jira porje, ƙanena. Inda na koyar kafin in yi ritaya an taɓa kawo mana kwamfutoci goma sha biyu, aka yi biki, aka ɗauki hoto. Ba a koya wa ko mutum ɗaya cikinmu yadda ake aiki da su ba, ɗakin kuma babu kuran. Suka kwana uku a waje, sannan aka kulle su cikin biro don tsoron ɓarayi. Ƙurar hunturu da ɓeraye suka gama da su. Abin da ka saya da guminka shi kake tattali. In ka samu kuɗin farko, kai wa maƙeri ya yi maka akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sauran ya biyo baya.

Uwar Biyu:
Mushe, Allah ya saka da alheri, amma bari in faɗi gaskiya tunda ina cikin kwamitin iyaye a lakwal ɗin ɗiyana. Yara huɗu ke matsuwa kan tebur guda, wasu a ƙasa. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci ƙananan yara sama da ashirin a garin nan. Duk karo-karon da muke yi tun lokacin, siminti da kwano yake tafiya. Ka zo taron iyaye ka ce a ba ka kuɗin mutum-mutumi, dariya za a yi maka. Amma ka zo da yaro ya kunna fitila da abin da ya haɗa da hannunsa, a gaban ubansa, ka gani ko dala ashirin-ashirin za ta gagara.

Mai gyaran salula:
Hajiya ta gama magana. Ni rabin abin da kake nema zubar da shi nake yi kowane mako. Tsohuwar rediyo cike take da rezistans. Mataccen DVD akwai ƙananan injina masu juyawa a ciki. Caja ta salula tana ba da volt 5, daidai abin da Arduino Uno ke ci. Tsohon batirin babur ma yana kunna fitilu da yawa. Turo yara biyu shagona kusa da babbar kasuwa ranar Asabar su kwashi buhu guda, in nuna masu yadda ake riƙe ƙarfen dalma ba su ƙone ba. Abin da dole sai an saya shi ne allon Arduino ɗin, da na'urar jin tazara, da mita mai auna wuta. Kada ka nemi na asali na Italiya, kwafin Sin yana aiki lafiya, masu zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya suna iya taho maka da shi.

Ɗalibin jami'a:
Ƙari kaɗan, Mushe. Manhajar Arduino kyauta ce, Scratch ta koya wa yara tsara umarnin kwamfuta ma haka, kuma sau ɗaya za ka sauke su, ba sai da intanet kullum ba. Kwamfuta guda ta isa rukuni biyar su yi layi. Wuta ce abin dubawa. Mun ga yadda garin nan ya kasance lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran a Agustan 2023, don haka ƙaramin faifan sola da batir su shiga lissafi tun farko. Batun masu koyarwa kuwa, mu ƴan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da yawa muna iya zuwa taimako, kuɗin kabu-kabu kawai. Sai dai a raba yara maza da mata daidai, kada mazan su kame kayan, matan su koma masu riƙe kaye.

Mushe na Zariya:
Na gode ƙwarai. Baba, akwatin zan fara da shi daga aljihuna. Hajiya, taron iyayenmu sai ƙarshen wata, zan zo da yarinyar nan da fitilarta. Maigida mai gyara, ƙarfe nawa kake buɗe shago ranar Asabar?