Keken cyclocross mai sauƙin kuɗi don zuwa aiki a Kaduna: abin da masana suka ce

Cyclocross keken tsere ne da aka ƙera don bin taɓo, ciyawa da hanyar ƙasa. Yawancin masanan sun ce a nemi na hannu mai firam ɗin alminiyam, amma a duba wajen walda da kyau, musamman ƙarƙashin sitiyari da gindin sirdi. In akwai tsaga, a bar shi, domin masu waldar bakin titi ba su cika iya gyaran alminiyam ba.

Taya ce ta fi jan magana. Irin wannan keke kan zo da taya mai faɗin milimita 33, amma mai bin ramukan Rigasa ko Tudun Wada gara ya sa 38 in firam ɗin ya ɗauka. Girmanta 700c ne, wato ma'aunin tayar keken tsere; tif ɗinta bai kai na taya mai inci 26 yawa wajen masu faci ba, don haka a riƙa tafiya da guda biyu, da ɗan adaftan Presta, wato siririn bakin hura iskan tif ɗin, don famfon masu faci ya kama shi.

Birkin faifai mai waya ya fi mai ruwa sauƙin gyara, kuma yana kamawa cikin taɓon damina. Giyar kamfanin Shimano, samfurin Claris ko Sora, ta wadatar. A tabbata akwai ramukan ɗaura kariyar ɗora kaya da madigadi a jikin firam ɗin, don kekunan tsere zalla ba su da su.