Waful na yis: kwaɓina ya yi tsami kuma yana kamawa a inji

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Maigida ya kawo min injin waful tsaraba, wato abin nan mai kama da fanke mai ramuka da ake gasawa a inji mai murfi, da bekin foda nake yi kullum sai na ji ana cewa na yis ya fi daɗi, to jiya bayan isha'i na kwaɓa na rufe na bar shi a kicin, wallahi da asuba na buɗe na tarar ya tashi har ya zubo ya koma ya kwanta, ga tsami kamar kamun koko ya kwana biyu. Da na zuba a injin kuma ya kama sama da ƙasa, da cokali na dinga kankarowa. Ƙarshe dai shayi da burodi yara suka sha suka tafi makaranta. A ina na kuskure?

Hajiya Ummi:
Wa alaikumussalam 'yata. Ai zafi ne ya cuce ki, masu cewa a bar shi ya kwana a waje garinsu da sanyi, mu nan ko ƙullun waina kika bari haka a watan zafi kin san abin da za ki tarar. Ga yadda nake yi, fulawa kofi 2, madara kofi 2, bota narkakke rabin kofi, yis ƙaramin cokali 2, gishiri da suga ƙaramin cokali ɗai-ɗai. Madarar ɗumi kawai ba zafi ba, in kika sa yatsa kika ji ta ƙona ki to yis ɗin ma ta kashe shi. Ki bar kwaɓin kamar minti 30 a waje ya fara ƙwayaye sai ki sa a firij cikin roba babba, don zai ninka. Ƙwai kuma kar ki sa da dare, sai da safe ki fasa guda 2 ki kaɗa ki zuba da ɗan bekin soda kwatan ƙaramin cokali, aikin da kanwa take wa ƙullun waina shi yake yi, yana kashe tsamin. In babu wuta daren nan to ki haƙura da kwanan, ki tashi da asuba ki kwaɓa, awa ɗaya ya ishe shi.

Ummu Khalil:
Hajiya ta gama magana. Ni a Beljiyam nake zaune kuma nan iri biyu ne duk da yis ake yi. Na birnin Burasels kwaɓinsa ruwa-ruwa ne, mai kusurwa huɗu da ramuka masu zurfi, ba nauyi, garin suga kawai ake barbaɗa mai. Na birnin Liyej kuwa kwaɓi ne mai kauri kamar na burodi da bota da yawa, ana cusa mai wani suga mai ƙwaya manya-manya wanda yake narkewa ya daskare a jiki, a hannu ake ci ana tafiya a titi. Ni shi na fi so gaskiya amma wanke injin bayan sugan nan ya ƙone azaba ne, kar ki fara da shi. Naki na Burasels ya fi kama.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri Hajiya, Anti Ummu na gode. Ni fa da ƙwan da komai na haɗa tun dare, kuma bota cokali biyu kawai na sa don ina tsoron maiƙo. To kamawar fa?

Hajiya Ummi:
Yauwa, ga ta nan, rowar bota ce. Ki cika rabin kofin nan, ki bari injin ya yi zafi sosai ki shafa mai sama da ƙasa kamar tanda, ludayi ɗaya ki rufe, kuma ki daina leƙawa. Tururi za ki duba, sai ya ragu sannan ki buɗe, in kika ɗaga da wuri rabewa zai yi biyu. Kuma kar ki jera su kan juna a kula kamar waina, gumi za su yi su yi laushi, ki shanya su ɗai-ɗai a kan raga. Na farkon dama ba ya kyau, ki cinye abinki a tsaye kafin yara su gani.