In ɗauki diskirit wannan semestar ko in bari sai gaba? Lojik ɗin ne ya tsaya min

Sadiq_Kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Ƙarshen satin nan za a rufe rajistar kwasa-kwasai, kuma an ba mu zaɓi ko mu ɗauki lissafin diskirit (kwas ɗin lissafi na ɗaliban kwamfuta mai ɗauke da lojik da kafa hujja) yanzu tare da furogiramin na biyu ko mu bar shi sai semesta mai zuwa. Ina aiki da rana, dare kawai nake samu in yi karatu. Na leƙa babin farko wato lojik, teburin gaskiya na "da" da na "ko" duk na gane su, amma da na zo kan "idan p to q" (p da q kowacce magana ce da za ta iya zama gaskiya ko ƙarya) sai kaina ya kulle, wai idan p ƙarya ce to maganar gaba ɗaya gaskiya ce ko da mene ne q, ta yaya haka? Aljebra ba ni da matsala da ita amma ban taɓa rubuta hujja ba a rayuwata. Idan kuma na jinkirta, kwas ɗin algoridim zai matsa gaba tunda sai an ci wannan ake ɗaukarsa. Waɗanda suka yi, me kuka gani?

Hafsy_M:
Wa alaikumus salam. Ka ɗauka kawai, ai kalkulas ya fi shi wahala. Abu ɗaya dai kar ka yarda lakca ko ɗaya ta wuce ka, ka riƙa zuwa da wuri ka zauna a gaba.

Malam_Nura:
Ƙanina, inda ka tsaya nan kusan kowa ke tsayawa. Ɗauki alkawari: mahaifinka ya ce idan ka ci jarabawa zan saya maka waya. Ka ci ya saya, ya cika. Ka ci bai saya ba, ya saɓa. Ka faɗi bai saya ba, bai saɓa komai ba. Ka faɗi amma ya saya don tausayi, nan ma bai saɓa ba tunda bai ce in ka faɗi ba zai saya ba. To a layi huɗun nan guda ɗaya ne kawai maganar ta zama ƙarya, inda p gaskiya ce q ƙarya.

Ga na lissafi kuma, shi ya fi gamsar da ɗalibaina. "Idan n tana rabuwa da 4 to tana rabuwa da 2." Ka yarda wannan gaskiya ce a kan kowace lamba ko? To saka 6, p ƙarya q gaskiya. Saka 7, dukkansu ƙarya. In ka ce waɗannan layukan ƙarya ne to ka rushe maganar da kai da kanka ka yarda da ita. Shi ya sa aka bar su a gaskiya.

Abba_Z:
Ɗan'uwa kar ka ɗauka. Wallahi kwas ɗin nan shi ya riƙe ni shekara guda cur, abokaina suka fita suka bar ni. Kuma ba don ban yi karatu ba. Lakcaran namu ya cinye rabin semesta yana zana teburin gaskiya, harafi uku layi 8, harafi huɗu layi 16, har muka gaji, sai ana saura kaɗan a fara jarabawa ya kwararo mana alamun ∀ ("ga kowane") da ∃ ("akwai") da hanyoyin kafa hujja duk a lakca biyu, a jarabawa kuma yawancin makin a nan suke.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. An ce mu tabbatar cewa idan n² tana rabuwa da 2 to n ma tana rabuwa da 2. Na bi ta kontirafozitif, wato in nuna "idan ba q ba to ba p ba", na ce a ɗauka n ba ta rabuwa da 2, wato n = 2k + 1, sai n² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1, wadda ita ma ba ta rabuwa da 2, shikenan hujja ta kammala. Mutumin nan ya ba ni sifili saboda a takardar makinsa ta hanyar cin karo aka yi. Na bi shi ofis har na gaji, ya ce ba haka ya koyar ba, in je in karanta not ɗinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuɗin makaranta na shekara ɗaya fa mahaifiyata ta sake nemowa a kan amsar da take daidai.

Malam_Nura:
Subhanallahi. Hujjarka daidai take Abba, babu ko ɗigon kuskure. "Idan p to q" da "idan ba q ba to ba p ba" teburinsu ɗaya ne sak. Wadda ba a yarda da ita ba ita ce juya maganar kawai, "idan q to p", don 6 tana rabuwa da 2 amma ba ta rabuwa da 4. An zalunce ka gaskiya.

Abba_Z:
Na gode Malam, da ma a lokacin na samu wanda zai faɗi haka a gabansa.

Injiniya_Bash:
Ni dai bari in faɗi gaskiya ko ba daɗi, na daɗe ina rubuta kod ana biyana kuma ban taɓa zana teburin gaskiya a wurin aiki ba. Sadiq ka haddace tambayoyin baya, sati biyu sun isa ka gama da lojik, ka samu C ɗinka ka wuce, ƙarfinka ka zuba shi a furogiramin.

Zee_Dev:
Haba Yaya Bash sati biyu? Teburin gaskiya ne sati biyu, na yarda. Ni kusan wata biyu ∀ da ∃ suka ci min kafin su zauna, don jerin su ma kaɗai yana canza ma'ana: "ga kowace lamba x akwai y da ta fi ta girma" gaskiya ce, amma "akwai y da ta fi kowace x girma" ƙarya ce tsagwaronta, kuma a rubuce alamu biyu kawai aka sauya wa wuri. Sannan batun ba ka amfani da shi, a wurin aikinmu akwai wanda ya so ya musanta `a and b` sai ya rubuta `not a and not b`, manhaja ta riƙa barin mutanen da bai kamata ba suna shiga, aka wuni ana nema. Daidai ɗin `not a or not b` ne, dokar De Morgan kenan, tana nan a babin da Sadiq yake tsoro.

Injiniya_Bash:
Wannan ai hankali ne kawai ƙanwata, ba sai an yi kwas ba.

Malam_Nura:
Hankalin ne George Boole ya mayar aljebra a littafinsa na 1854, kuma a 1937 Claude Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu a jami'ar MIT ta Amurka cewa da wannan aljebrar za a iya tsara da'irorin lantarki masu kunnawa da kashewa. Kwamfutar da kake cin abinci da ita a kan wannan aka gina ta Injiniya.

Injiniya_Bash:
Malam da girmanka, kai koyarwa kake, ka daɗe da barin kujerar ɗalibi. Yaron nan aiki yake da rana, tarihi ba zai ci masa jarabawa ba. Maganar wanda yake cikin sana'ar ya kamata Sadiq ya saurara.

Abba_Z:
A'a, maganar wanda kwas ɗin ya kayar ya kamata ya saurara, ku duka kun wuce lafiya.

Dan_Ajinmu:
Malam Nura tambaya, kenan in na ce duk jiragen saman da Injiniya Bash ya mallaka na zinari ne ban yi ƙarya ba? 😂

Malam_Nura:
In ba shi da ko ɗaya ba ka yi ƙarya ba, don ba jirgin da za a nuna a ƙaryata ka da shi. Hhh amma Allah ya hore masa.

Ustaz_Kabir:
Ni abin da ya taimake ni na ɗan karanta manɗiƙi tun kafin in shiga jami'a, irin ƙiyasin nan da ya samo asali daga Aristotil, kowane mutum mai mutuwa ne, wane mutum ne, to wane mai mutuwa ne. Da muka zo musanta "duk" ajinmu kusan kowa ya rubuta "babu ko ɗaya", alhali kishiyar "duk ɗalibai sun ci" ita ce "akwai ɗalibin da bai ci ba", mutum ɗaya tak ya isa. Amma ban ce ya wadatar ba, alamun da hujjar lissafi sai da na koya daga farko.

Hafsy_M:
Littafin fa tsada gare shi kuma ƙato ne, ni ban iya saya ba sai hoton shafuka na riƙa ɗauka a wurin ƙawata.

Zee_Dev:
Ba sai ya sayi komai ba anti, MIT sun saka kwas ɗinsu na lissafin kwamfuta kyauta a intanet har da bidiyon lakca da atisaye.

Abba_Z:
Na gwada shi, gudu suke kamar kowa ya riga ya sani. Kuma ko ka koya a can lakcaranka in ya ga ¬ a maimakon ~ ko → a maimakon ⊃ sai ya soke maka, alhali ma'anarsu ɗaya ce.

Sadiq_Kod:
Na gode sosai, misalin 6 da 7 ɗin nan ya warware min abin wallahi. Amma har yanzu ban ji amsar wanda ya haɗa shi da aiki ba, zai yiwu da karatun dare kaɗai?

Hafsy_M:
Abba wannan ta alamu mu ma an yi mana! Na rubuta 1 da 0 a teburi a maimakon T da F aka cire min maki, alhali a kwas ɗin da'irorin dijital a semestar ɗaya 1 da 0 ake so, in ka saka T a can ma a cire.

Dan_Ajinmu:
Mu takardar jarabawar ma ba a nuna mana bayan an yi maki, sakamako kawai za ka gani a manne. Ta ina mutum zai san inda ya kuskure?

Malam_Nura:
Yawancin makarantu suna da hanyar neman a sake duba takarda, ku bincika dokar taku.

Abba_Z:
Akwai a rubuce Malam. Na cike fom ɗin na kai, aka ce in dawo, da na dawo aka ce takardar tana hannun lakcaran da nake ƙorafi a kansa. Hafsy ku taku an taɓa dawo wa wani da makinsa kuwa?