Zanzibar a watan Afrilu: mu biya ko mu dakata?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya samu hutu a Afrilu, muna son zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya da yara, mu ɗan huta da zafin Kano. Abin da ya ɗaure min kai, kuɗin otal ya faɗi warwas a watan, wasu ma sun rufe gaba ɗaya. Lafiya kuwa?

Baban Zara: Wa alaikumus salam Hajiya. Araha ba ta ado. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, wadda suke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ba irin ruwan da zai zuba awa guda rana ta fito ba ne, yakan wuni yana tsugawa har lungunan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, su koma kwata. Masu kwalekwale kan fasa fita, yara kuma su ƙare a ɗaki suna kallon talabijin, abin da ko a gida za su yi kyauta. Tsibirin yana kudu da ekwaita, lokutansu ba su zo daidai da namu ba. In hutun zai ɗagu, ku kai shi tsakanin Yuni da Oktoba: rani ne, ga iska mai daɗi.

Anti Bilki: Ni dai ban ga laifin Afrilu ba in aljihu ne ya yi magana. Gari kore shar, babu cunkoson Turawa, gonakin kanumfari sai ƙamshi. Amma da yara? A'a. Ga sauro.

Maman Hanif: To Disamba fa, lokacin hutun makaranta?

Baban Zara: Akwai ƙaramar damina a Nuwamba zuwa Disamba, tana saurin ɗaukewa. Sai dai zafi da gumi, kuma ƙarshen shekara tsada ba a magana.

Malam Sani Direba: Ƙanwata, ki duba gefen da za ku sauka ma. A Paje da Jambiani, ta gabas, teku kan janye nesa, sai kin yi tafiya kafin ruwa ya kai gwiwa. Nungwi da Kendwa, ta arewa, sun fi daɗin wanka. Abinci ba damuwa, yawancin mutanen Musulmi ne. Da magariba ku leƙa Forodhani, wurin masu abincin dare a bakin teku a Stone Town, ku ci gasasshen kifi. Kar a manta katin rigakafin cutar shawara, ana iya tambaya a filin jirgi.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Bari Alhaji ya dawo mu ga ko ofis za su yarda da Agusta.